RA'AYI: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Saƙon Taron Tsofaffin Ɗaliban Jinya Na Yola Zuwa Abuja

A 'yan shekarun nan tarukan tsofaffin ɗalibai sun zama ruwan dare a biranen Arewa. Da zarar shekara ta doshi ƙarewa, ko an samu hutun Sallah ko na Kirsimeti, sai ka ga 'yan aji ɗaya da suka rabu shekaru talatin ko fiye sun kama zauren taro, sun ɗinka anko, sun yi karo-karo an ɗora tukwane. Ba a bar Jimeta da Yola a baya ba, kuma cikin masu irin wannan haɗuwa har da ma'aikatan jinya da ungozomomi da suka fito daga makarantar koyon jinya ta Yola, wadda a yau ta zama Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Jihar Adamawa. Tsarin bai cika sauyawa ba: a iso ranar Juma'a, a yini ana hira da ciye-ciye ranar Asabar, a leƙa tsohuwar makaranta a ɗauki hotuna, a gaishe da malaman da suka rage a raye, ranar Lahadi kowa ya kama gabansa.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka shagali ne kawai na dattawan da suka samu sarari. Ni kuwa a ganina, ga ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da ke zaune a Abuja yana tsara manufofin kiwon lafiya, ko hadimin da ke rubuta wa minista takardar shawara, kaɗan ne tarukan da suka fi wannan cancantar a kasa musu kunne. Dalili kuwa shi ne a irin wannan zama ake kiran sunayen 'yan aji ɗaya bayan ɗaya, a faɗi inda kowa yake da halin da yake ciki. Wannan kiran suna ƙidaya ce ta gaskiya a kan makomar ma'aikatan lafiyar da ƙasa ta kashe kuɗi ta horar, irin ƙidayar da da wuya ka iske ta cikakkiya a cikin fayil ɗin wata ma'aikata.

Mu fara da sanin su wane ne waɗannan mutane. Wanda ya kammala karatun jinya na shekara 3 a Yola a ƙarshen shekarun 1980, ya kammala ne a ƙarƙashin Jihar Gongola, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙira a 1976. A ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba Gongola gida biyu, aka samu Adamawa da Taraba. Da aka zo rabon ma'aikata, 'yan matan da suka kwana ɗaki ɗaya a makaranta suka rabu: wata ta tsaya Yola ko Mubi ko Numan ko Ganye, wata ta nufi Jalingo ko Wukari ko Gembu. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita a aikin gwamnati, wato shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, wanda aka ɗauka aiki tsakanin 1988 da 1990 wa'adinsa ya cika tsakanin 2023 da 2025. Ke nan a waɗannan shekaru ne wa'adin wannan rukuni gaba ɗayansa ya cika na miƙa makullan ɗakunan jinya ya koma gida.

Sai mu duba abin da suka gani da idonsu. Suna bakin aiki lokacin da cuta mai karya garkuwar jiki ta fara cika gadajen asibiti babu magani a hannu. Suna nan lokacin annobar sanƙarau da ta ratsa Arewa a 1996. Suna nan a 2012 da Kogin Binuwai ya yi ambaliya bayan sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Da Boko Haram ta ƙwace Mubi a watan Oktoban 2014, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, wasu suka sauka a sansanonin Damare da Malkohi da harabar majami'ar Saint Theresa, mafi yawa kuma a gidajen dangi da na masu tausayi, waɗannan ma'aikata ne suka karɓi haihuwar matan da suka yi kwanaki suna tafiya a ƙasa. A 2015, da bama-bamai suka tashi a kasuwar Jimeta a watan Yuni, da masallacin Jambutu a watan Oktoba, da kuma wani wurin hada-hada a Jimeta a watan Nuwamba, Asibitin Ƙwararru na Yola da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda yanzu ta koma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, su ne suka karɓi waɗanda suka jikkata. Hannayen da suka ɗaure raunuka a waɗancan darare da yawansu na waɗannan dattawa ne.

Abin da mutum ya koya a irin waɗannan lokuta ba a cika samunsa a littafi ba. Wa za a fara dubawa idan an sauke majinyata ashirin lokaci guda? Ta yaya ake gane mai cikin da jijjiga ke dab da kama ta tun kafin na'ura ta nuna? Da wane lafazi ake shawo kan maigidan da ya ƙi yarda a yi wa matarsa ƙarin jini? A jiha irin Adamawa, inda a ɗakin jinya ɗaya za ka ji Fulatanci da Hausa da Bacama da Camba da Kilba da Margi, sanin yadda ake yi wa kowa magana rabin magani ne. Wannan ilimi yana cikin kawunan mutanen da ke haɗuwa a zauren taro ranar Asabar, kuma ranar Lahadi yana watsewa tare da su.

Idan an zo kiran suna, a kan samu amsa iri huɗu. Akwai waɗanda suka yi ritaya suna gari, wasu sun buɗe ƙaramin shagon magani, wasu suna rainon jikoki, wasu kuma suna zaryar neman giratuti. Akwai waɗanda aiki ya kai Abuja ko Kaduna ko ƙungiyoyin agaji. Akwai waɗanda ke Birtaniya ko Amurka ko Saudiyya, masu aiko da gudunmawarsu ta waya, a ɗaga musu hoton bidiyo su gaisa da jama'a. Sai kuma waɗanda ake yi wa addu'a, Musulmi su yi tasu, Kirista su yi tasu. Tun fil azal aikin jinya na cin rayukan masu yinsa. Zazzaɓin Lassa ma, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke kudancin Borno, kusa da iyakar Adamawa, ma'aikatan jinya na asibitin mishan ne mutanen farko da aka tabbatar ya kashe.

Akwai ƙasar da ta riga mu sanin ɗanɗanon irin wannan kiran suna, ita ce Filifin. Tun farkon ƙarni na 20, lokacin da Amurka ke mulkin ƙasar, aka kafa makarantun jinya masu koyarwa da Turanci bisa tsarin Amurka. Shirin musayar baƙi da Amurka ta buɗe a 1948, da dokar shige da fice ta 1965, suka buɗe wa nas-nas ɗin Filifin ƙofar asibitocin Amurka. A 1974 gwamnatin Shugaba Ferdinand Marcos ta mayar da fitar da ma'aikata zuwa ƙetare manufar ƙasa. Dattawanmu na Arewa ba su manta da 'yan Filifin da suka yi aikin koyarwa da na asibiti a garuruwanmu a shekarun 1970 da 1980 ba. Saboda wannan tarihi, idan 'yan aji ɗaya na wata makarantar jinya ta Manila ko Iloilo za su haɗu bayan shekara 30 ko 40, sau da yawa ba a gida ake taron ba, a wani otel na Amurka ake yi, domin a can mafi yawansu suke.

Filifin ta ci riba, ta kuma tafka asara. 'Yan ƙasar da ke ƙetare na aika sama da dala biliyan 30 gida a kowace shekara. Amma da annobar korona ta zo a 2020, asibitocin ƙasar suka rasa isassun ma'aikata, har gwamnati ta haramta wa ma'aikatan lafiya fita a watan Afrilu, daga baya ta sassauta ta ƙayyade mutum 5,000 a shekara. A can Amurka kuwa, ƙungiyar ma'aikatan jinya ta National Nurses United ta bayyana a 2020 cewa 'yan asalin Filifin kusan kashi 4 cikin 100 ne na nas-nas ɗin ƙasar, amma sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nas-nas ɗin da cutar ta kashe a lokacin. Sai dai akwai abin koyi guda daga gare su: ba su bar zumuncin makaranta ya tsaya a cin abinci da rawa ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibansu na ɗaukar nauyin karatun 'yan baya, suna sayen kayan koyarwa, suna shirya tawagogin duba marasa lafiya kyauta a garuruwansu. Zaren da ya haɗa 'yan aji ɗaya shi ne ya zama igiyar da ke jawo wani abu ya dawo gida.

Mu ma mun kama wannan hanya. A rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, Najeriya ce ke biye wa Indiya da Filifin a yawan waɗanda aka horar a ƙetare. A watan Fabrairun 2024, magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, Dakta Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta lissafa a 2023 a matsayin masu fama da matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Matakin da ya fi jan hankali a wancan lokaci shi ne sabuwar ƙa'idar tantance takardu, wadda ta nemi ma'aikaci ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance masa takardunsa na fita. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A watan Agustan 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan hijirar ma'aikatan lafiya.

Ba na cewa waɗannan matakai ba su da hujja. Abin da nake cewa shi ne hankalinmu duk ya koma kan ƙofar filin jirgi, mun manta da ɗaya ƙofar da ake fita ta cikinta ba tare da fasfo ba. Matashiyar da ta tafi Landan ana ƙirga ta, ana muhawara a kanta a majalisa. Babbar sistar da ta yi shekara 35 a ɗakin haihuwa, ta yi ritaya ta koma Karewa ko Luggere ko Shagari, babu mai ƙirga ta cikin abin da aka rasa. Tana nan tafiyar 'yan mintuna a Keke Napep daga asibitin da ta bari, da lafiyarta da basirarta, amma a idon takarda ta gama amfani.

Inda lamarin ya fi ɗaure kai shi ne wajen horar da sababbi. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar cewa an ƙara gurbin ɗaukar ɗalibai a makarantun jinya da makamantansu daga 28,000 zuwa 64,000. Wannan abin a yaba ne. Amma jinya sana'a ce ta hannu. Ɗaliba ba ta iya sanya ƙarin ruwa, ko karɓar haihuwa, ko tsayar da zubar jini bayan haihuwa ta hanyar sauraron lacca. Sai ta tsaya kusa da wadda ta iya, a nuna mata, a gyara mata, a tsawata mata. Idan an ninka ɗalibai, alhali masu matsakaicin shekaru suna fita ƙetare, manya kuma suna ritaya, wa zai tsaya a kansu a bakin gadon majinyaci? Za mu wayi gari da masu takarda da yawa, masu hannu kaɗan.

Ba sabon abu nake kawowa ba. A 2009 Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara da aka fi sani da MSS, wanda ya ɗauki sababbin ungozomomi da marasa aiki da kuma waɗanda suka yi ritaya, ya tura su ƙananan asibitocin ƙauyuka. Dattawan sun amsa kira. Abin da ya raunana shirin sananne ne: an raba nauyin alawus da masauki tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, wasu suka sauke nasu, da yawa suka yi ta jan ƙafa, ungozomomi suka gaji suka tattara kayansu. Darasin a fili yake. Tsofaffin ma'aikata a shirye suke su dawo, matuƙar ba za a sake yi musu alkawarin da ba a cikawa ba.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko za su ce ga dubban matasa sun gama karatun jinya suna zaune babu aiki, don me za a koma neman waɗanda suka ci zamaninsu? Amsa ita ce ba gurbin aiki nake nema wa dattawa ba. A ɗauki matasan aiki, wannan shi ne wajibi na farko. Abin da ake bukata daga 'yan ritaya kwana biyu ne ko uku a mako, na koyarwa da sa ido, a kan alawus bayyananne. Wannan ba ya tare wa kowa hanyar ƙarin girma. Na biyu za su ce ilimin shekarun 1980 ya tsufa. Wani ɓangarensa ya tsufa, shi ya sa hukumar NMCN ke da tsarin sabunta lasisi da kwasa-kwasan ƙara ilimi. A bi da su ta nan, a sauƙaƙa musu kuɗin. Na uku za su ce taron zumunci harka ce ta kashin kai, shigar gwamnati cikinsa ɓata shi zai yi, ya koma dandalin siyasa da rabon ambulan. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma shi ya sa ban nemi a kafa wa tsofaffin ɗalibai hukuma ko a ba su ofis ba. Abin da ya dace shi ne a nemi shawararsu, a buɗe musu ƙofa, a bar musu ƙungiyoyinsu a hannunsu.

To me ya rage ga mu da ke Abuja? Abu na farko rajista ce. Hukumar NMCN, tare da makarantun jinya da ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa, NANNM, za su iya buɗe rajistar son rai ta 'yan ritaya masu sha'awar koyarwa, kowa da fanninsa da garin da yake zaune. Ba sai an ba wani kamfani kwangilar bincike ba. Kowane aji yana da sakatare ko sakatariyar da ke riƙe da zauren WhatsApp, ta san wanda ke da lafiya, ta san wanda ke kwance, ta san wanda ke Kanada. A nemi izinin mutane, a tattara.

Abu na biyu kuɗi ne mai tushe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma akwai kason horar da ma'aikata a cikinsa. Adamawa na da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 226. Ko da tsohuwar ungozoma ɗaya aka ba kulawar ƙananan asibitoci huɗu ko biyar tana zagayawa, matasan da aka tura Toungo ko Madagali ko Shelleng za su san akwai wadda za su kira da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama. Amma a biya daga aljihu ɗaya, kai tsaye, domin kada a maimaita abin da ya faru da MSS.

Abu na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne haƙƙin 'yan fansho. A jihohi da dama na ƙasar nan ma'aikaci kan yi shekaru yana jiran giratuti, wasu har su rasu ba su karɓa ba. Babu wa'azin kishin ƙasa da zai tsayar da matashiyar nas idan ta ga wadda ta koya mata aiki tana layin tantancewa da sandar dogarawa. Kowane fayil na fansho da ya kwana a kan tebur talla ce ga asibitocin Birtaniya, kyauta. Yajin aikin gargaɗi da ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka shiga a ƙarshen Yulin 2025 ya nuna cewa haƙurin waɗanda suka zauna ma yana da iyaka. A 2022 an yi dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malaman makaranta zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Duk abin da za a yi wa ma'aikatan lafiya a wannan fanni, a yi shi a rubuce, a aiwatar, kada ya tsaya a sanarwa.

Abu na huɗu ya shafi na ƙetare. Wadda ta yi shekara 20 tana aiki a ɗakin kula da masu tsananin jinya a Manchester, idan ta zo hutu Jimeta, za ta iya ba da mako guda tana koyarwa. Abin da ke hana irin wannan sau da yawa ba ƙin yi ba ne, wahalar takardu ce: izinin aiki na ɗan lokaci, da fito da kayan asibitin da aka ba da sadaka daga hannun kwastan. Sauƙaƙa waɗannan aiki ne na teburin ma'aikacin tarayya, ba ya bukatar sabon gini ko sabuwar hukuma.

Su ma tsofaffin ɗaliban akwai magana a kansu. Zumunta a ƙafa take, kuma haɗuwar kanta ibada ce. Amma idan kuɗin anko da na zaure suka yi tsadar da abokiyar karatun da fanshonta bai fito ba za ta ji kunyar zuwa, to an bar wadda ta fi kowa bukatar taron a waje. Ya kamata kowane aji ya ware wani abu daga karo-karonsa domin marasa lafiyar cikinsu da marayun waɗanda suka rasu, ya kuma ware sa'o'i biyu na ranar Asabar ya zauna da ɗaliban da ke makarantar yanzu. Sannan a rubuta tarihi. Abin da ma'aikatan jinya na Yola suka yi a 2014 da 2015 ya cancanci a adana shi daga bakin waɗanda suka yi, tun suna raye.

Mu da ke aikin gwamnati a Abuja muna yawan mantawa cewa kujera aro ce. Darakta da babban sakatare da hadimin minista, kowa na da garin da zai koma, kuma ranar da ciwo ya kama tsohuwarsa a Yola ko Mubi da dare, ba manufar da ya rubuta ce za ta nemo jijiya ta sanya allura ba. Wata yarinya ce 'yar shekara 23 za ta yi, kuma iyawarta ta dogara ne ga wadda ta tsaya a kanta lokacin tana koyo. Masu iya tsayawar suna nan da ransu, sunayensu a rubuce a hannun 'yan ajinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A neme su tun suna da ƙarfin amsawa.